Rijiyar da Aka Yashe

Daren Talata, Limawa.

Na kasa barci. Yau Dakta Rabi, mai binciken ƙwayoyin cuta a ruwan sha, ta kawo sakamakon kwalaben da na ɗebo mata daga rijiyoyin Kiyawa. Wai rijiyar bakin kasuwa ce ta fi kowacce tsabta. Rijiyar da ni duba-gari na sha tsamo mushen kaza a cikinta! Unguwar da gudawa ba ta ƙarewa!

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malam Sale, ka tabbata daga can ka ɗebo?" Raina ya ɓaci. Rahoton nan za ta aika wa abokan aikinta na Kano, da shi za a zaɓi inda za a haƙa rijiyar burtsatse. Masu ruwa mai kyau ba za su samu ba.

Ni dai ban yarda ba. Ranar da na je, na ga ɗanyar laka jibge a gefe, guga sabo fil, ruwan har da warin magani. Wani ya yashe rijiyar nan. Direbanmu na fara zargi da tsegunta musu zuwanmu, don bakinsa ba ya shiru.

Ina cikin rubutun nan na tuna. Ana jibi zan ɗebi ruwan, ni na je gaida mai unguwar bakin kasuwar, na ce, "Ranka ya daɗe, babbar likita za ta duba ruwanku." Ya ce, "Ba za mu ji kunya ba."

Ashe shara suka yi wa baƙuwa. Gobe da wane baki zan gaya wa Dakta?