Kujerar Baya don Inna

Kwatano

Zuwa ga Yaya Dabo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna? Yaya Adawiyya da yara, da mutanen Getso baki ɗaya? Ni lafiya lau nake, ina nan ina wankin motoci, alhamdulillahi.

Yaya, saƙonka ya hana ni sukuni. Ka ce tun da aka hana mata hawan acaɓa, Inna sai ta wuni a bakin titi tana jiran motar da za ta kai ta asibiti Kano, da wannan ciwon bayan nata. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Na duba motocin Beljiyam har na gaji. Mai lafiya ta fi ƙarfina, mai arha kuwa amalanke ta fi ta. Guda ɗaya na samu. Tsohuwa ce, amma tana da gudu, ba ta jijjiga mutum, kuma dizal take sha, babu ruwanku da layin fetur. Dillalin ya ba ni zuwa ƙarshen wata, abin hannuna kuma bai kai ba.

Don girman Allah ka sayar da jan bijimin nan. Na san da shi kake huɗa, na san Baba ne ya bar shi. Amma bijimi ba zai kai Inna asibiti ba.

Kujerar bayan motar kam, Inna za ta miƙe ƙafa ta yi barcinta har Kano. Na tabbatar, don tun da na saki ɗakin da nake haya saboda in cika kuɗin, a kanta nake kwana da izinin dillalin. Kada ka gaya wa Inna.

Ƙaninka,
Hadi