Kilo da Buhu

Daren Laraba, Bagudo

Yau na nuna wa Kawu Sani allon bayanan da na tsara wa kasuwancinsa na shinkafa. A kasuwar Lolo muka buɗe shi a waya, zane-zanen duk sun cunkushe. Ya ce, "Ɗiyata, buhu nawa sunka rage a siton Geza?" Na yi ta latse-latse, kilo kawai nake gani. Ni na sa kilon, alhali da buhu yake ƙirga tun kafin a haife ni. Ya kira mai sito, nan take ya ji amsa.

Bai yi faɗa ba, har ya ce launukan sun yi kyau. Wannan ya fi ƙona mini rai. Wata biyu ina zaɓen launi, ban taɓa yini a shagonsa ba.