Hular Tiyata da Gashin Auta

Zuwa ga Gwaggo Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar? Ga wasiƙa na rubuto, tunda kin ce saƙon murya na malalata ne.

Gwaggo, ina cikin tsaka mai wuya. Ran Litinin ta sama ajinmu na koyon jinya zai fara shiga ɗakin tiyata. Jiya aka raba mana huluna. Ta kowa ta zauna daram, tawa ta ɗare saman gashina kamar kaza a kan kwando. Babbar nas, wadda muke kira Sista Ba-Wasa, ta dube ni ta ce, "Sili ɗaya ya leƙo, ba ki shiga. Wadda ba ta shiga ba kuma, sai baɗi."

Kitso kin san likita ya hana ni tun da ya ci min gaban goshi. Saura a rage gashin. Na je shagon nan mai gilasai, suka faɗi kuɗin da zai ciyar da ni wata guda, wai har da ladan wahala don gashina bai ga mai ba. Na je mai araha, matar ta ce sai ta shafa min rilaksa ya kwanta tukuna, man da ya taɓa karkaɗe min kai. Abokiyar ɗakina ta ce ga injin askin yayanta, a yi ƙwal-kwabo a huta. Na fara tunanin yarda.

A gaida mutan gida.
'Yarki, Auta

*

Zuwa ga Autata,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi. Na ji daɗin wasiƙarki, hannunki ya yi kyau.

Ki mayar wa yarinyar nan injin yayanta, ki ce na gode. Gashin da kika yi shekaru kina reno ba za a share shi saboda hula ba. Za ki shiga tiyata, kuma da gashinki za ki shiga.

Ki daina karanta allunan shaguna, ki koma karanta kawunan mata. Duk wadda kika ga gashinta irin naki ne kuma ya gyaru, ki gaishe ta ki tambaye ta inda aka yi mata. Na koyar da 'yan mata shekara da shekaru, ban taɓa ganin macen da aka yabi gashinta ta yi rowar amsa ba.

In kin samu wurin, ga sharaɗi. Kada a yanka shi a jiƙe. Gashinmu a jiƙe sakin jiki yake ya yi tsawo, in ya bushe ya koma gida. Mai yanka a jiƙe tana auna abin da babu, gobe ki tashi ki ga rabinsa ya tafi. Ki tafi da hular a jaka. Ita ce ma'auninki: a ɗan rage, ki gwada, a ɗan rage, ki gwada. Da ta zauna, a ajiye almakashi.

Allah ya yi miki albarka.
Gwaggonki

*

Gwaggo,

Sallama da gaisuwa. Na bi kai kamar yadda kika ce, kuma kin kusa sa ni abin kunya.

A layin karɓar magani na hango wata mata, gashinta zagaye sumul kamar an zana. Na gaishe ta na yaba. Ta kwashe da dariya, ta ja ni gefe ta ɗan ɗaga shi. Gwaggo, hular gashi ce! Ta ce, "Wannan a kanti aka haife shi, ƙanwata. Amma dubi na ƙasan." Na ƙasan irin nawa ne, gajere, a gyare tsaf. Ta ce a makarantar koyon gyaran gashi ake rage mata, saman shagon masu faci, ranar da ɗalibai ke gwaji. Kuɗin sabulu kawai ake biya.

Na je. Ɗaki ne dogo, madubai a jere, kawunan roba a kan tebur suna kallon mutum. Wata ɗaliba ta zaunar da ni ta nufi famfo da kaina. Na ce a bushe nake so. Ta kira malamarsu, mai almakashi rataye a wuya. Malamar ta ce, "A nan wanki ne farko. Haka aka koya min, haka nake koyarwa." Na ce Gwaggona ta hana. Ta ce, "To Gwaggon ta zo ta yanka."

Na taso. Ranar gwaji ɗaya ta rage kafin Litinin. In yarda a jiƙa?

Auta

*

Autata,

Na amsa gaisuwa. Na yi dariyar gashin kanti har maƙwabciya ta leƙo.

Kada ki yarda, kada kuma ki yi fushi da matar. Malama ce, ni ma malama ce, na san halinmu. Ba a ce mana "an hana" a gaban ɗalibai. Da sunana kika je mata, shi ya sa ta kafe. Ki koma da ladabi, ki same ta ita kaɗai. Ki wanke kanki a gida ya bushe, don kada ta ce da datti kika zo. Sannan ki roƙe ta ta jiƙa tufka ɗaya a ƙeya, ta auna da mataji, a bar shi ya sha iska, ta sake aunawa. Ki ce kina so ɗalibanta su gani. Ba malamin da ke ƙin darasi in shi zai bayar.

Ki je da ƙarfin gwiwarki.
Gwaggonki

*

Gwaggo Malama,

Assalamu alaikum. Albishirinki!

Na sami malamar tana share gashi a ƙasa, na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "'Yar Gwaggo, an dawo?" Na faɗi roƙona. Sai ta tafa hannu ta tara ɗalibai. Ta jiƙa tufkar, ta kai tsawon matajin. Kafin su gama gardamar wa zai riƙe almakashi, ta bushe ta koma rabi. Malamar ta ɗaga murya ta ce, "Kun gani? Kawunan robanku ba sa yin haka. Yau a bushe za mu yanka." Kai ka ce ita ta kawo shawarar.

Wata ɗaliba ta kama almakashi, malamar na tsaye a kanta. A rage, in sa hula, duk aji su ce, "Saura!" A sake ragewa. Da hular ta zauna, har guɗa wata ta yi. Na duba madubi, gashina yana nan, bakinsa da ya tsattsage ne kawai ya tafi.

Yau Litinin Sista Ba-Wasa ta zagaye ni kamar mai sayen akuya, ta leƙa ƙeya, ta leƙa bayan kunne. Ta ce, "Wuce." Gwaggo, na ga an ciro jariri da idona, kuma ban suma ba.

Malamar ta ce in gaida mai hanawa.

'Yarki, Auta

*

Autata,

Alhamdu lillahi. Na karanta wa maƙwabciya, ta ce a gaida sabuwar likitarmu.

Ki ce wa malamar ina amsawa, kuma mai hanawa tana tafe ranar gwaji mai zuwa. Ki kama min kujera. Ɗalibanta ba su taɓa yanka furfura a bushe ba, kuma kuɗin sabulu ba zai gagare ni ba.

Sai na zo.
Gwaggonki