Hancina Ya Daina Ji, Ga Gashin Biki a Gabana

Zuwa ga Hajja Afaf,

Hajja, ki agaje ni don girman Allah. Ni ne wanda 'yan kasuwa ke zuwa wurinsa neman dabara in abu ya cakuɗe musu, yau ga ni ina rubuto wa jarida a ɓoye kamar ɓarawo. Duk sunayen da za ki gani na aro ne. In aka gane ni a unguwarmu, gara in rufe shago in koma sayar da gyaɗa a tashar jirgin ƙasa.

Kofta, wato niƙaƙƙen nama a tsinke, da kabab nake gasawa a nan garin Tanta, tun ina da gashi a ka. Na yi sakandare, ina iya rubutu kamar yadda kike gani, amma ba alƙalami ne ya ciyar da ni ba, hanci ne. In aka ajiye nama a gabana, kafin mahauci ya buɗe baki na san ɗan rago ne ko tsohuwar tunkiya, na san yankan asuba ne ko ya kwana. Ina iya ba wa wuta baya ina zuba da mutane, ƙamshi kaɗai ya gaya mini tsinken da ya isa juyi. Ban taɓa auna komai ba. Ruwan albasa, gishiri, masoro, ɗan kitsen jela, in cuɗa, in kai hanci, in ce ya yi.

A hunturun da ya wuce mura ta kwantar da ni. Zazzaɓi ya sauka, na miƙe, hanci ya buɗe, iska na shiga tana fita, amma babu komai a cikinta. Na yanka albasa na kanga a fuska, ido ya yi ta zubar da hawaye, hanci ko a jikinsa. Na ce gobe zai dawo. Ga shi an shiga tsakiyar zafi, ina nan ina jiran goben.

Ban gaya wa kowa ba. Kin san ɗan kasuwa, sai na hau dabara. In na cuɗa nama, sai in tare wani mai wucewa in ce, "Zo nan, ya basha, ranka ya daɗe, shinshina ka ji abin da matarka ba za ta taɓa iyawa ba." Shi yana ganin fankama nake yi, ni kuwa fuskarsa nake karantawa. Har kyanwar lungu na gwada, na jefa mata tsoka in ga ko za ta ƙi. Kyanwar Tanta kuwa ko takalmi kika jefa mata sai ta lasa. Gashi kuma yanzu da ido da kunne nake yi, na kafa wa garwashi ido kamar sabon shiga, na daina hira. Wasu na cewa na fara girman kai.

Abin da ya rage mini a baki gishiri ne da tsami da yaji, don haka hannuna ya yi nauyi a kansu ban sani ba. Ruwan salak ɗina da ake sha a kofi kafin nama ya sauka, wanda har daga wasu unguwanni ake zuwa dominsa, ruwan tumatir da kokwamba da lemon tsami da khal, wato finiga, da ɗan barkono, yanzu in mutum ya kurɓa sai ya riƙe tebur. Wani direba ya ce mini, "Mu'allim, wannan na sha ne ko na wanke injin mota?" Na ce masa na maza ne, in bai iya ba ya je ya sha madara. Aka yi dariya. Ni na san ba abin dariya ba ne.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na makon jiya. An ɗauke wuta tun hantsi, firij ya yi shiru har la'asar. Na duba naman, launinsa lafiya, na taɓa, ban ji yauƙi ba. Na gasa. Farantin farko ya faɗa wa Ammu Hilmi, wani dattijo tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya fi kowa daɗewa yana cin namana. Ya ɗaga kofta zuwa baki, ya tsaya, ya mayar. Bai ɗaga murya ba, Allah Ya saka masa. Ya yafito ni ya ce a kunnena, "Ɗana, wannan naman ya yi bashi. Kai da kanka ka sa shi a wuta?" Na ce ai sabon kayan ƙamshi ne daga Aswan, hancinsa ne ya tsufa. Na kwashe naman duka na zubar, na ce gawayi ya ƙare, na rufe shago. Hajja, a tebur na kusa da shi akwai wata mata da 'ya'yanta ƙanana suna jiran nasu.

Tun ranar nake zargin kowa. Mahaucina, Mu'allim Gharib, shekaru muna tare, kuma duk shekarun yana tsoron hancina. Kwanan nan na lura ya daina cewa, "Shinshina ka ji, yanzu aka feɗe." Miƙo mini kawai yake yi yana murmushi. Ko ya gano ni ne yake tura mini na jiya? Ko wutar ce ta ɓata naman, shi ba ruwansa? In na tambaye shi na tona kaina. Likita kuma, wanda ke kusa da mu, mai karɓar mutane a ƙofarsa ƙanwar matar mai kabab ɗin tsallaken titi ce, wanda ya buɗe shago a gabana yake jiran in yi tuntuɓe. Kafin in sauko daga benen likitan labari ya riga ni isa kasuwa.

Sai gida. Matata Ummu Sabri mace ce mai hanci, ban taɓa faɗa mata ba don kada kanta ya kumbura. Tun aurenmu al'adata ce tun daga matakala in ɗaga murya in ce, "Yau kayan ƙamshin kuzbara sun yi kaɗan a miya!" ita kuma ta ce, "To shigo ka dafa, ya sarkin hanci." Haka muke, kuma haka muke jin daɗi. Abincin da nake so fiye da duk naman duniya miyar lalo ce tata, da shinkafa da zomo. Ranar da kasuwa ta ɓata mini rai ita take yi mini. Yanzu a bakina ruwan yauƙi ne mai ɗumi. Ina ci ina yabo.

Washegarin abin Ammu Hilmi ta ga na dawo jiki a mace, ta ɗora lalo. Ina zaune a falo na ji cuwww ɗin kasko, na ji ta ja numfashin nan da mata ke ja in za su juye soyayyar tafarnuwa a tukunya. Ni kuma gwanin dabara na ɗaga murya na ce, "Allah! Tafarnuwar nan har titi ana jin ta!" Na cinye kwano biyu, na sa mata albarka. Da na shiga wanke hannu sai ga tafarnuwar a turmi, a ɓare, ko dakawa ba a yi ba. Man girki zalla ta juye a tukunya. Tun daga nan tana ajiye mini abinci ta koma gefe, ta daina tsokanata.

Ga kuma babbar. Hajji Mitwalli mai shagon yadi zai aurar da ɗansa Juma'a ta sama, kuma tun bara na yi masa alkawarin ni zan yi gashi. Za a rufe lungu a kafa rumfa, mutum wajen ɗari biyu, cikin wannan zafi, da wannan wuta mai zuwa da tafiya. In na janye, kowa zai tambayi dalili, mai kabab ɗin tsallake kuma ya karɓe aikin har da sunana. In na yi, da wane hanci? In na gaya wa Ummu Sabri, mutumin da ta sani ya ƙare, saura wani tsoho mai fifita wuta. Na saba yi wa kowa wayo, Hajja, wannan karon ban ga ta inda zan ɓullo ba. Me zan yi?

Mai kofta, Tanta

*

Ɗan'uwana mai kofta,

Sannu da wannan jarrabawa. Wasiƙarka ta ba ni dariya a wurare, amma na ga mutumin da ke bayan barkwancin, kuma na san ba ƙaramin rashi ka yi ba. Wanda bai taɓa ci da hancinsa ba zai ce ai mura ce kawai. Tsoronka na bakin kasuwa ma gaskiya ne, ba zan ce ka hau kujera ka yi shela ba. Ciwonka naka ne, kana da damar rufe shi ga maƙwabcin tsallake da duk wanda ba ruwansa.

Sai dai damar nan tana da iyaka, iyakarta kuwa farantin mutane. Ranar da wuta ta ɗauke, ba dabararka ce ta kare yaran matar nan ba, sa'a ce ta sa farantin farko ya faɗa hannun dattijo mai hanci da kara. A wurin biki babu farantin farko. Tire-tire ake fitarwa, kowa na ci yana kallon amarya, kuma ba wanda zai kunyata mai gida ya ce nama ya yi wari. Ko mai cikakken hanci ma, naman da ya wuni a firij marar wuta cikin wannan zafi bai kamata ya dogara da shinshinawa ba. Daga yau ka mai da ita doka: in sanyi ya yanke na dogon lokaci, naman ya tafi, ko ya yi kyau a ido.

Maganar Ummu Sabri kuwa, ka yi mini bayanin wayonka dalla-dalla, amma ka tsallake nata. Matar da ta yi shekara da shekaru tana yin lalo ba ta manta tafarnuwa, balle ta ɓare ta ta bar maka a inda za ka gani. Tambaya ta yi maka, ta hanyar da ba za ta zubar maka da girma ba, kai kuma ka ba ta amsa da ƙarya. Ko dai ta gane abin da ya same ka tana jiran ka faɗa da bakinka, ko kuma tana zaton ka daina kula da abin da take sa maka a gaba. Duk wanda ya zama, kowace rana ka ƙara a shiru ciwo kake ƙara mata. Ka zaunar da ita ka faɗa a sarari, ban da raha. Ka kuma gaya mata abin da ka gaya mini, cewa tana da hanci. In kanta ya kumbura, ya cancanta.

Daga nan sauran aiki ne. Ka roƙe ta, roƙo ba umarni ba, ta tsaya tare da kai a bikin nan. Ita ta shinshina nama, ita ta ɗanɗana haɗi, ita ta mayar da ruwan salak yadda yake a da, don ta san ɗanɗanonsa fiye da kai yanzu. Abin da ta ce ya yi, ka auna shi da cokali da kofi ka riƙe. Hannunka da idonka da sanin wutarka ba su je ko'ina ba. Ka ce wa Hajji Mitwalli saboda zafi kana so a yanka dabbobin a safiyar ranar, a gabanka, a tanadi ƙanƙara mai yawa. Babu mai gidan da zai ƙi wannan, kuma ba sai ka yi ƙarya ba.

Mu'allim Gharib, kada ka ɗora masa laifin da ba ka da shaida. Murmushi ba hujja ba ne. Ka riƙa zuwa da wuri ana feɗewa kana kallo, wani lokaci da matarka, za ka san gaskiyarsa ba tare da kun ɓata ba. Ammu Hilmi kuma ka bi shi har gida ka ba shi haƙuri. Ya rufa maka asiri, ka saka masa da cewa hancinsa ya tsufa.

Likita dole ne. Jirgin ƙasa na tashi daga garinku kullum, ka je wani gari inda ba a san ka ba, ka ga likitan hanci da maƙogwaro. Wasu jin ƙamshi na dawo musu a hankali, wasu ba ya dawowa duka, ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Kafin nan ka tuna ba ka jin warin gas ko ƙaurin wayar lantarki, wannan ma dalili ne da ya sa na gida ya kamata su sani.

In kuma ka auna ka ga ba za ka iya buɗe baki ka gaya mata ba, to ka je wurin Hajji Mitwalli tun yanzu ka mayar masa da aikinsa, ko da na tsallake ne zai karɓa. Hanya ta uku, wato ka shiga rumfar nan kai kaɗai da dabara, ban ba ka ita ba. Akwai tsofaffi da masu ciki da yara a cikin waɗanda za su miƙa hannu su ci saboda sun yarda da sunanka.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya mayar maka da abin da ka rasa, Ya sa a yi biki a watse kowa lafiya. Ka gaishe mini da Ummu Sabri, bayan kun gama maganar.

Hajja Afaf