Awa Shida Zuwa Jidda

Gangara, 14 ga Agusta, 1984

Zuwa ga mahaifina, Malam Bakari,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ka sauka lafiya. Ya gajiyar hanya, ya ciwon ƙafar? Mu duk lafiya lau, sai dai ruwan sama.

Tun da ka tafi bai sake sauka ba. Gero ya tsaya iya gwiwa, ciyawa kuwa ko ƙwauri ba ta kai ba. Maƙwabtanmu su Surajo da Musa sun kora shanunsu kudu tun jiya. Ni na zauna, tunda ka sa na yi alkawarin ba zan ɗaga garke ba sai da izininka. Ka ce Makka ta matso, awa shida ce daga Yamai zuwa Jidda a jirgi, ko kasuwar Agiye ta fi ta wuyar zuwa. To, ga wasiƙa ta hannun Malam Hayatu, jirginsu jibi zai tashi. Ka ce mini tafi ko zauna, kalma ɗaya ta isa.

Ɗanka mai biyayya,
Idrisa

Gangara, 27 ga Agusta

Baba,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kana ibada cikin ƙoshin jiki.

Shiru ya yi yawa, har na je buro, wato ofishin alhazai, a Maradi. Ma'aikacin ya dube ni da tausayi. Ashe jiragen kai mutane kawai suke yi, babu mai dawowa sai bayan Arfa. Mun yi ta lissafin awoyin zuwa, ni da kai, babu wanda ya tambayi na dawowa. Wannan wasiƙar ma a jirgin ƙarshe zan sa ta.

Shanu bakwai sun faɗi. Wani mahauci, Baƙo, ya kafa rumfa gabas da ruga, ya ja igiyoyin shanya nama. Bai taya ko ɗaya ba. Kullum da safe yana gaishe ni da ladabi, idonsa a kan garke. Wallahi Baba, tsoron gaisuwar nan nake yi. Matata Dija ta ce in karya alkawari, ka yafe daga baya. Na kasa.

Ɗanka,
Idrisa

Gangara, 23 ga Satumba

Alhaji Baba,

Barka da Arfa, Allah ya karɓa, ya ƙara lafiya.

Amsarka ta iso yau ta hannun alhajin farko da ya sauka. Ka rubuta ta ran da tawa ta farko ta same ka: in tafi maza, kada in jira. Kwana talatin da bakwai ta yi a jakar mutum. Na karanta sau uku, sannan na zagaya bayan bukka don kada Dija ta ga fuskata. Na ji haushinka, Baba, ba zan ɓoye ba, amma na fi jin haushin kaina.

Cikin arba'in da biyu da ka bari, tara suka rage, huɗu ba sa iya tashi. Gobe da safe zan kora biyar ɗin. Rijiya ta farko tafiyar kwana biyu ce, kuma waɗanda suka komo daga can sun ce ta fara ba da laka. Ban san mai kawo maka wannan ba. In ta same ka kafin ka baro Ɗakin Allah, ka roƙa mana shanun su kai rijiyar.

Ka huta lafiya.
Ɗanka,
Idrisa