Gudu da Sabon Jiki

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ciwon bayan naki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, abin da na kasa faɗa miki a waya zan faɗa a takarda. Tun da na haifi 'yan biyu, ga kuma maganin da aka ɗora ni a kai, jikina ya buɗe sosai. Ƙibar ba ta dame ni ba sai da na koma makarantar da nake koyar da wasanni. Ni da nake gaban 'yan mata in ana zagaya fili, ranar farko ko rabi ban kai ba gwiwar dama ta riƙe. Na zauna a ciyawa ina haki, ɗalibaina na kallona. Shugaban makaranta ya kira ni ofis, cikin mutunci dai, ya ce in zango ya ƙare ban warware ba, zai mai da ni ɗakin karatu ya nemo wata malamar wasanni. Kin san ni da zama wuri ɗaya. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na karanta har da hawaye.

Na je wajen likitar gashin ƙashi da gaɓoɓi kamar yadda kika ce. Ta sa na yi ta kai da komo a baranda tana ɗaukata a waya, sannan ta nuna mini. Yaya, ban gane kaina ba. Ina ware ƙafafu, takuna ya gajarce, ina rangaji dama da hagu. Kunya ta kama ni, sai ta ce ba lalaci ba ne, dabara ce jiki ya yi don kada in faɗi. Ta ce a kowane taku gwiwa tana ɗaukar abin da ya ninka nauyin mutum, in gudu ne kuwa ya fi haka, don haka ƙarin kaɗan a jiki babban kaya ne a gare ta. Ni kuma na zo da sabon jiki ina neman tsohon gudu.

Baban 'yan biyu da ya raka ni yana ta murmushi. Sai ta cika jakar goyo da gorunan ruwa ta rataya masa, ta ce ya taka mu gani. Wallahi shi ma ya ware ƙafafu yana tafiya kamar agwagwa. Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Yanzu ina ƙarfafa cinya da ƙugu a gida, ina tafiya da sauri, ba gudu tukuna. A gudun ma, in lokaci ya yi, ta ce gajerun taku, in riƙa sauke ƙafa a ƙarƙashina, ban da miƙa ta can gaba.

Taki,
Auta

Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan kowa lafiya. Albishirinki.

Jiya na zagaya fili. Nauyin bai ragu sosai ba, amma gwiwa ba ta ce uffan ba. Ni ce ta ƙarshe, har 'yan aji ɗaya sun wuce ni. Waɗanda suka gama suka juyo suka jera da ni, muka ƙarasa tare suna tafi. Da na ɗaga kai sai ga shugaba a bakin fili. Na ƙarasa wajensa, sai ya ce, "Malama, a zango mai zuwa akwai gasa. Ki fara zaɓen yaranki."

Gaban layi kuwa na bar wa yara, daga bayan layi ma na fi ganin wadda take ɗingishi.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta