Katin 'Yar Ƙasa

Salamu alaikum Inna, bayan gaisuwa da fatan Allah Ya sa kina cikin rahama. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina raye ma ni zan karanta miki, kina ta gyara min Hausa.

Gida lafiya. Unguwarmu Jarwal ta Makka tana nan, an rushe ginin da ke bayanmu. Abin da ya sa na ɗauki biro, kyanwarki ce, 'Yar Ƙasa. Kin tuna ke kika raɗa mata sunan, wai ita kaɗai ce a gidanmu ba ta gudun masu binciken iƙama, takardar izinin zama, tunda a ƙarƙashin benenmu aka haife ta? To Inna, ba ta da lafiya. Wata guda da rasuwarki ta daina ci, sai shan ruwa da amai. Na ce kewarki ce.

Ga abin da nake jin kunyar faɗa miki. Na koma wurin matar nan Bapakistaniya ta unguwar Rusaifa, mai maganin nan da ba na asibiti ba da suke kira homiyo. Ta ba ni ƙwayoyin nan farare ƙanana kamar gero, masu zaƙin sukari, irin waɗanda na riƙa kawo miki lokacin da ƙafafunki suka kumbura kika ƙi asibiti don tsoron a tambaye ki takarda. Ta ce kada hannu ya taɓa su, a sa uku a ƙarƙashin harshe. Don Allah ta yaya ake ɗaga harshen kyanwa? Duk ta yakushe min hannu. Sai na riƙa jiƙa su a zamzam ina ɗura mata da sirinji, ina cewa ai magani biyu ne a haɗe. Sati uku ina wannan wauta.

Jiya ta kasa hawa kan sallayarki, na naɗe ta a tawul muka tafi wurin likitan dabbobi. Ya ce ƙodarta ce, kuma mun zo a makare. Bai yi min faɗa ba, ya dai juya kwalbar ƙwayoyin da na nuna masa a hannunsa ya miƙo min. Wallahi da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Amma ba wannan ne ya karya ni ba. Muna shiga, ba wanda ya tambaye mu iƙama. Sunanta kawai suka tambaya da lambar wayata, suka buɗe mata fayil, suka ba ni kati. Kyanwarki ta sami kati a Makka cikin minti biyar, Inna. Ke kuwa shekara talatin kina wanke kayan alhazai, kika tafi da sukari a ƙarƙashin harshe. Me ya sa ban ja ki da ƙarfi ba? Na ce ina bin ra'ayinki ne, alhali ni ma tsoro nake ji. Ki yafe min.

Likita ya ce akwai allurar da za ta hutar da ita, in yi shawara. Da wa zan yi? Tana kwance a kan tsohon mayafinki, in na kira ta ba ta ɗago kai, ban iya kira irin naki ba. Kwalbar tana kan firij, na kasa zubarwa. Katin kuwa na sa shi a akwatinki, cikin jakar da kika tanada don takardunki. Shi kaɗai ne a ciki.

Sai mun zo, Inna. Allah Ya haskaka makwancinki.

'Yarki da ta makara sau biyu,
Rabi